Gaston Planté: Bafaranshen da ya gina wa wutar lantarki rumbu

A gaban kusan kowace mota da ke yawo a titunan Yamai, Marwa, Njamena ko Kumasi akwai wani akwati mai nauyi, cike da dalma da ruwan asid. Irinsa ne ke ajiye wutar sola a gidaje da ƙananan asibitocin karkara, shi ne kuma ke riƙe da yawancin turakun sadarwar wayar salula idan aka ɗauke kuran. Wanda ya fara haɗa wannan batir da ake iya yi wa caji a kai a kai wani masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Faransa mai suna Gaston Planté, a shekara ta 1859, yana da shekaru 25 a duniya. Kafin shi an san hanyoyin samar da lantarki, amma babu wanda ya iya tara ta da yawa, ya ajiye, ya ɗebo a lokacin buƙata. A yau ƙasashe na kashe maƙudan kuɗi wajen kafa manyan tashoshin batura domin layukan wutarsu su daina faɗuwa, kuma asalin wannan aiki yana komawa ne ga wasu fallayen dalma guda biyu da wannan saurayi ya naɗe ya tsoma a cikin kwalba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Gaston Planté a ranar 22 ga watan Afrilun 1834 a garin Orthez da ke kudu maso yammacin Faransa, kusa da tsaunukan da suka raba ƙasar da Sipaniya. Gidansu gidan rufin asiri ne, kuma mahaifinsa mutum ne mai kishin ilimi. A shekara ta 1841 ya kwashe iyalinsa zuwa birnin Paris domin ƴaƴansa maza uku su sami karatu mai kyau. Haƙarsa ta cim ma ruwa. Babban, Léopold, ya zama lauya. Autan, Francis, ya zama ɗaya daga cikin fitattun makaɗan fiyano na Faransa, ya kuma yi tsawon rai har zuwa 1934. Gaston, na tsakiya, shi ne ya karkata ga lissafi da kimiyya.

Ya yi sakandare a makarantar Charlemagne, sannan ya wuce jami'ar Sorbonne. A 1854, yana ɗan shekara 20, aka ɗauke shi aiki a cibiyar koyar da fasaha da sana'o'i ta ƙasa da ke Paris, a matsayin mai shirya wa malami kayan gwaji. Malamin da ya faɗa hannunsa kuwa shi ne Edmond Becquerel, wanda tun a 1839, yana ɗan shekara 19, ya gano cewa hasken rana na iya haifar da lantarki idan ya sauka a kan wasu sinadarai. Wannan binciken ne tushen allunan sola da ake gani a kan rufin gidaje a yau. A ɗakin gwajin Becquerel ne Planté ya koyi haƙurin aunawa da maimaita gwaji sau da yawa kafin a yanke hukunci, halin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙashin tsuntsun Meudon

Abin da ya fara fito da sunansa ba shi da wata alaƙa da lantarki. Planté yana da sha'awar tsofaffin ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, waɗanda suka daskare a cikin ƙasa suka zama kamar dutse. A 1855, a wani wurin haƙa da ke Meudon, kudu maso yammacin Paris, ya tono ƙashin ƙafar wani ƙaton tsuntsu da ba a taɓa sanin irinsa ba. Tsuntsun ba ya tashi sama, tsayinsa ya kai kimanin mita 2, kuma ya rayu ne fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Masanin duwatsu Edmond Hébert ya raɗa masa suna Gastornis, wato tsuntsun Gaston, kuma da wannan suna ne masana ke kiransa har yanzu. Da ya so, da ya ci gaba a wannan fanni, domin ƙofa ta riga ta buɗe masa. Sai dai hankalinsa na kan wani abu dabam da ke ba masu nazarin lantarki ciwon kai a wancan zamani.

Wutar da ke komowa da baya

Tun a 1800 masani ɗan Italiya Alessandro Volta ya ƙera batir na farko, inda ya jera fallayen tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri. Shi da duk waɗanda suka biyo bayansa suna da aibi guda: sinadaran da ke ciki suna cinyewa yayin aiki, in sun ƙare sai a zubar a zuba sababbi. Irin su ne kakannin ƙananan baturan tocila da rediyo da ake jefarwa idan sun mutu. Da su ake aika saƙon tangaraho, da su kuma ake shafa wa ƙarafa ruwan azurfa, amma tsadarsu ta hana a yi manyan ayyuka da su.

Akwai kuma wani abu da masu gwaji suka daɗe da lura da shi. Idan aka tsoma ƙarafa biyu a cikin ruwan asid aka ratsa su da lantarki na ɗan lokaci, sannan aka cire batirin da ke ba su wuta, sai a ga wata ƴar wuta ta komo daga jikinsu da baya, ta yi ƴan daƙiƙoƙi ta mutu. Bajamushe Johann Ritter ya yi gwaji a kanta a farkon ƙarni na 19, wani likita Bajamushe mai suna Sinsteden kuma ya gan ta a jikin dalma a 1854. Yawancin masana sun ɗauke ta a matsayin cikas, domin tana rage ƙarfin baturansu, don haka ƙoƙarinsu shi ne yadda za su kawar da ita. Planté ya dubi lamarin ta wata fuska. A ganinsa, wutar da ke komowa shaida ce cewa ƙarfen ya riƙe wani abu daga abin da aka ba shi, kuma abin da ya rage shi ne a gano ƙarfen da ya fi kowane riƙewa.

Fallayen dalma biyu a cikin kwalba

A cikin 1859 ya bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, daga jan ƙarfe da azurfa zuwa kuza da zinariya da farin ƙarfen nan mai tsada da ake kira filatinom. Dalma, wadda ta fi yawancinsu araha, ita ce ta ba da wuta mafi ƙarfi kuma mafi daɗewa. Sai ya samo fallayen dalma biyu masu faɗi, ya sa ƙyalle mai kauri a tsakaninsu don kada su taɓa juna, ya naɗe su kamar tabarma, ya tsoma a cikin kwalbar gilashi mai ɗauke da ruwa da aka gauraya da asid ɗin farar wuta, wanda masu gyaran mota ke kira ruwan batir. Daga baya ya maye gurbin ƙyallen da siraran robobi. A watan Maris na 1860 ya kai wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa wani akwati mai ɗauke da irin waɗannan kwalabe tara a haɗe, ya nuna musu cewa abin da suka tara a hankali suna iya sakinsa a lokaci guda da ƙarfin da ya wuce na duk baturan zamanin.

Abin da ke faruwa a cikin kwalbar ba shi da wuyar fahimta. Idan ana caji, fuskar falle ɗaya tana rikiɗewa ta zama wata irin tsatsar dalma mai launin ƙasa-ƙasa, ɗayan kuma ya zama dalma mai laushi kamar soso. Idan aka jona fitila ko inji, fallayen biyu suna shan asid daga cikin ruwan, su fara komawa wani farin gishirin dalma iri ɗaya, ruwan kuma ya yi ta salancewa. Idan aka sake tura wuta ciki, komai ya koma yadda yake tun farko. Saboda haka ne mai gyaran batir ke iya gane yawan cajin da ya rage ta hanyar auna kaurin ruwan. Kowace kwalba tana ba da kimanin volt 2, shi ya sa batirin mota mai volt 12 yake da ɗakuna shida a cikinsa.

Planté ya kuma gano cewa sabuwar dalma mai santsi ba ta riƙe caji da yawa. Sai an yi ta cika ta ana juyewa, ana sauya wa wutar alkibla, ana barinta ta huta, kafin fuskarta ta yi ramuka ƙanana masu yawa da ruwan zai shiga. Wannan horo yana cin watanni. Shi ne sirrin ingancin batirinsa, shi ne kuma babban abin da ya hana shi yaɗuwa da wuri.

Rumbu kafin girbi

Masana sun yaba, amma kasuwa ba ta motsa ba. Dalilin a fili yake: a 1860 babu tashar wuta ko ɗaya a duniya da ke raba wa jama'a lantarki. Wanda ke son cika batirin Planté sai ya yi amfani da waɗancan batura masu cinye sinadari, ya sayi wuta da tsada domin ya ajiye ta, kuma abin da zai ɗebo bai kai abin da ya zuba ba. Mutumin ya gina rumbu tun gona ba ta ba da amfani ba.

Bai zauna jira ba. A 1860 ya zama malamin kimiyyar fizik a wata ƙungiya da ke koyar da ma'aikata da masu sana'a a Paris. A cikin shekarun 1860 ya yi aiki da kamfanin Christofle, wanda ya yi suna wajen shafa wa cokula da kwanuka ruwan azurfa da zinariya ta hanyar lantarki, inda ya nuna musu yadda za su yi amfani da dalma a wurin da da sai filatinom. Daga baya ya koma ɗakin gwajinsa na kansa a tsohuwar unguwar Marais, yana ɗaukar nauyin bincikensa da abin hannunsa. A waɗannan shekaru batirin ya sami ƙananan ayyuka: likitoci suna zafafa siririyar waya da shi domin ƙona rauni a lokacin tiyata, masu haƙar ma'adinai suna tayar da nakiya da shi daga nesa. Ya ma ƙera wani ɗan akwatin kunna kyandir da ke aiki da shi.

Damina ta sauka a 1871, lokacin da Zénobe Gramme, wani kafinta ɗan ƙasar Beljiyam da ke zaune a Paris, ya gabatar da injin dinamo mai samar da lantarki ba yankewa idan ana juya shi da injin tururi ko ƙarfin ruwa. Daga nan wuta ta fara araha, ajiye ta kuma ya zama abu mai ma'ana. Kamfanin Breguet na Paris, wanda ke ƙera injinan Gramme, ya shiga ƙera baturan Planté yana sayarwa.

Tsawa a cikin ɗaki

Shi kansa Planté bai ɗauki batirin a matsayin haja ba. A wurinsa kayan aiki ne na binciken abubuwan da ke faruwa a sararin sama. Ya tara ɗaruruwan kwalabe a ɗakin gwajinsa, har ya kai yana haɗa 800 a jere, abin da ke ba da ƙarfin da ya kai volt 1,600 ko fiye. Da wannan wuta ya riƙa haifar da ƙwallayen haske a kan ruwa, yana kwatanta su da wata irin walƙiya mai kama da dunƙulen wuta da mutane kan ba da labarin gani a lokacin hadari. Ya yi ƙoƙarin bayyana ƙanƙara da guguwar teku da hasken da ke bayyana a saman ƙasashen arewa mai nisa. Wasu daga cikin bayanansa ba su tsaya ba da ilimi ya ci gaba, amma kayan aikin da ya ƙera domin su sun yi amfani.

Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne wani inji da ya fito da shi a 1877. Jerin fallaye ne masu riƙe caji na ɗan lokaci, waɗanda ake cika su gefe da gefe, sannan a juya wani gungume ya haɗa su baki da wutsiya, sai ƙarfinsu ya taru wuri guda ya fita a matsayin tartsatsi mai tsawon santimita da dama. A kan irin wannan dabara ce Bajamushe Erwin Marx ya gina injinsa a 1924, wanda har yau ake amfani da shi wajen gwada ko tiransifoma da sauran kayan manyan layukan wuta za su iya jure faɗuwar tsawa. A 1879 Planté ya tattara aikin shekaru ashirin a cikin littafinsa mai suna Recherches sur l'électricité, wato bincike a kan lantarki, a 1888 kuma ya fitar da wani a kan lantarkin sararin sama.

Shekarar da duniya ta waiwayo

Shekara ta 1881 ce ta sauya komai. Wani injiniya Bafaranshe, Camille Faure, ya gano cewa maimakon a yi watanni ana horar da dalma, ana iya kwaɓa jan garin dalma a shafa a jikin fallayen tun daga farko. Aikin watanni ya koma na kwanaki, batirin kuma ya riƙe caji fiye da da. Wasu suka ƙara da yin fallayen kamar raga domin kwaɓin ya kama da kyau, kuma wannan siffa ce ke cikin batirin mota har yanzu. A wannan shekara aka cika wani batirin Faure a Paris, aka ɗauke shi a jirgin ƙasa da na ruwa har birnin Glasgow, inda babban masani William Thomson ya auna shi ya tarar da wutar tana nan. Jaridu suka yi ta yayata labarin cewa yanzu ana iya ɗaukar lantarki a akwati kamar kowane kaya. A watan Afrilu Gustave Trouvé ya tuƙa keke mai ƙafa uku da batir a wani titin Paris, daga watan Agusta kuma birnin ya karɓi baje kolin lantarki na ƙasa da ƙasa.

Kamfanoni suka yi ta tasowa, ƴan kasuwa suka shiga rububin hannun jari da shari'o'i a kan wanda ya mallaki wace dabara. Planté bai shiga wannan kokawa ba, bai kuma mayar da ƙirƙirarsa hanyar tara dukiya ba. A 1881 gwamnati ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur, Majalisar Masana Kimiyya kuma ta ba shi kyautar Lacaze mai kuɗi faran 10,000. Kuɗin ya miƙa su ga wata ƙungiya da ke tallafa wa masana da iyalansu da suka shiga halin ƙunci.

A ƴan shekarunsa na ƙarshe lafiya ta yi masa ƙaranci, amma bai bar ɗakin gwaji ba. Ya rasu a ranar 21 ga watan Mayun 1889 a Bellevue, dab da Meudon inda ya tono ƙashin tsuntsunsa, yana da shekaru 55. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise da ke Paris. Shekaru goma bayan rasuwarsa, a 1899, wata mota mai aiki da baturan dalma ta zama ta farko a duniya da ta wuce gudun kilomita 100 a awa guda. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motoci injin tayarwa mai aiki da batir, direbobi suka huta da murɗa hannun tayar da mota. Akwai wani rami a duniyar wata da ke ɗauke da sunansa, kuma tun 1989 Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar Bulgeriya ke ba da lambar yabo ta Gaston Planté ga waɗanda suka yi fice a binciken batirin dalma.

Daga akwati zuwa tashar wuta

Tun Planté na da rai batirinsa ya shiga aikin raba wa gari wuta. Henri Tudor, wani injiniya daga Lukzambur da aka haifa a 1859, shekarar da aka ƙirƙiro batirin, ya haɗa ingancin dabarar Planté da saurin ta Faure. Ya fara da gidansu a ƙauyen Rosport, inda injin niƙa mai aiki da ruwa ke juya dinamo, batura kuma na tara wutar. A 1886 ya kunna fitilun titi a garin Echternach da wannan tsari. Tashoshin wuta na farko a biranen Turai da Amurka sun bi wannan hanya: da rana, lokacin da buƙata ba ta da yawa, a cika batura, da almuru su taimaka wa injina, da tsakar dare kuma a kashe injinan tururi a bar batura su riƙe gari. Wannan tsari ya ja baya ne bayan da wuta mai kai da komowa, wadda ake iya turawa nesa ta manyan layuka, ta mamaye ko'ina.

Matsalar da baturan ke magancewa kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Layin wuta ba ya ajiye komai. Abin da tashoshi suka samar a wannan daƙiƙa dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a wannan daƙiƙa. A Nijar da Kamaru da Cadi da Gana da Najeriya, kamar a Turai, wutar layi tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Idan wata babbar tasha ta tsaya ba zato, ko buƙata ta yi tsalle, wannan bugu yana raguwa, kuma in ya yi ƙasa da yawa sai injina su katse kansu domin kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa gaba ɗaya ta faɗa duhu. Injin gas ko na dizal yana buƙatar mintuna kafin ya tashi ya kawo ɗauki. Batir kuwa yana amsawa kafin daƙiƙa guda ta cika.

Birnin Berlin ta Yamma ya ga amfanin haka. A zamanin yaƙin cacar baka an raba shi da layukan da ke kewaye da shi, ya zama tsibiri mai dogara da tashoshinsa kaɗai. A 1986 kamfanin wutar birnin ya kafa tashar baturan dalma mai ƙarfin megawat 17 a unguwar Steglitz, ta riƙa daidaita bugun wutar har zuwa lokacin da aka haɗa birnin da layin Yammacin Turai bayan haɗewar Jamus. A 1988 an kafa wata mai megawat 10 a Chino da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Duka biyun jikokin kwalbar Planté ne kai tsaye.

A yau baturan litiyom ne suka karɓi wannan aiki, domin sun fi sauƙin nauyi, sun fi jure yawan caji, kuma farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. Bayan da jihar Ostireliya ta Kudu ta faɗa duhu baki ɗaya a watan Satumban 2016, kamfanin Neoen na Faransa da Tesla na Amurka sun kafa tashar Hornsdale mai megawat 100 a ƙarshen 2017, wadda ta gamsar da masu shakka cewa batir na iya tallabar layin jiha guda. Sinadarin ya sauya, amma dabarar ita ce ta 1859: a tura wuta ta rikiɗa sinadari, a bar sinadarin ya koma yadda yake ya mayar da wutar.

Gadonsa a yankin Sahel

Babu inda wannan batu ya fi shafa kamar ƙasashen da rana ta wadata amma wuta ta yi ƙaranci. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wa Nijar layukan da ke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha, mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana kuɗar dogara da ƙasa guda. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta kawo sauƙi da ta fara aiki a ƙarshen wannan shekara, sai dai rana tana faɗuwa ne a daidai lokacin da buƙata ke hauhawa, bayan magariba, sa'adda ake kunna fitilu da fankoki da talabijin. Cike wannan giɓi aikin batir ne. Tun a 2021 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na dala miliyan 465 ga yankin Afirka ta Yamma, wanda ya ƙunshi kafa manyan batura a layukan Nijar da Mali da Kodebuwa. A arewacin Kamaru, inda ƙarancin ruwa a madatsar Lagdo ya daɗe yana jefa Garwa da Marwa cikin duhu, an buɗe tashoshin sola na Marwa da Gidar a 2023, masu ƙarfin megawat 36 a haɗe, tare da batura masu kimanin megawat 20.

A gidaje da shaguna kuwa, batirin dalma ne har yanzu ya fi yawa saboda araharsa, kuma yana nan da halayen da Planté ya san shi da su. Ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Wanda ake bari da rabin cajinsa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ba ya son a bar shi kwance babu caji, domin farin gishirin nan yana ƙanƙarewa a jikin fallayen ya ƙi narkewa. Zafi kuma yana rage masa kwana, abin da ya sa wanda aka ajiye a ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya kai shekarun da aka rubuta a jikinsa.

Akwai kuma haɗarin da bai kamata a manta da shi ba. Dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara, tana lalata ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama da wuri ba. Ana iya narkar da kusan dukkan dalmar tsohon batir a yi sabo da ita, kuma a ƙasashen da ke da masana'antun da aka tsara hakan ake yi. Inda ake fasa batura da gatari a tsakar gida ana narkarwa a kan murhu kuwa, ƙurar tana shiga ƙasa da abinci da huhu. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen birnin Dakar, yara 18 ne suka rasa rayukansu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalmar tsofaffin batura. Yayin da sola ke ƙara yaɗuwa a ƙauyuka, yawan matattun batura ma ƙaruwa yake yi, kuma tanadin inda za a kai su nauyi ne da ke kan hukumomi da ƴan kasuwar da ke shigo da su.

Planté ya rasu bai ga layin wuta da ya ratsa ƙasa da ƙasa ba, bai kuma taɓa taka yankin Sahel da ƙirƙirarsa ta zama kayan yau da kullum ba. Amma a tashoshin Marwa da Gidar, da ma a kan rufin duk wani ɗan shagon cajin waya da ke aiki da sola, binciken malami da na almajirinsa suna aiki kafaɗa da kafaɗa: allunan da suka samo asali daga Edmond Becquerel suna girbe hasken rana, batirin da ya samo asali daga Gaston Planté kuma yana ajiye shi har dare ya yi.